Neman Bindigar Tsohon Soja a Zangon Kumasi

Ana sallame sallar asuba muka bar Tamale, ni da wani aminina maƙeri. Na daɗe ina tara kayan sojan zamanin Turawa, kwalkwali, bel, lambobin ƙirji, bindiga kaɗai ta gagare ni. Sai aka yi mini waya cewa wani dattijo a Zangon Kumasi zai rabu da ta mahaifinsa, kuma wani mai saye daga Accra yana tafe. Tun daga nan zama ya ƙi ni.

Duk tsayawar da direba ya yi sai na ji kamar in karɓi sitiyarin. A Kintampo aminina ya zauna ya ci soyayyiyar doya da kifi hankali kwance, ni kuwa ko loma ban kai baki ba, ina ta duba agogo. Doyar Techiman ta yi araha bana, amma wa ke ta doya?

Bayan azahar muka sauka tashar Kejetia a Kumasi, cikin hayaniyar motocin haya na trotro da 'yan dako. Wayar dattijon a kashe. Na kira har yatsana ya gaji. Wani dillali da ya ji abin da muke nema ya ja mu unguwar Suame, bayan wani gareji, ya zaro bindiga daga buhu. Aminina ya shinshina katakon, ya kankare lambar da farce, ya raɗa mini: "Sabon icce ne aka shafa wa baƙin mai. Lambar nan ba ta yi wata guda ba." Ga ta kuma da rai, tana iya tashi, babu takarda ko ɗaya. Muka ce za mu je salla, ba mu waiwaya ba.

Da la'asar muka shiga Zango da tambaya, lungu bayan lungu, har wata mai sayar da waake, wato shinkafa da wake, ta nuna mana gidan. Dattijon na zaune a tabarma, wayar tana caji a maƙwabta.

"Baba, an riga mu?" na tambaya, ko gaisuwa ban gama ba.

"Zauna, yaro. Bindiga ya yi shekaru yana jira, ba zai gudu yau ba."

Ya fito da ita naɗe a tsohon bargo. Lambar jikin ƙarfen ta yi daidai da ta sakatar ɗana harsashi, hatimin kambin sarauta ya koɗe amma yana nan, bakin kuwa an toshe shi da walda tun tuni. Ya ajiye takardarta a gefe, ya ce ba za ta bar gidan ba sai mun je wurin 'yan sanda an mai da ita sunana. Na Accra ya ƙi wannan sharaɗi, shi ya sa ya sallame shi.

Kwana uku muna zirga-zirga. Ina zaune a bencin ofishin 'yan sanda ina kaɗa ƙafa, Baba yana gyangyaɗi abinsa. Ranar da takarda ta fito, ya kwance maratayin fatar da ke jikin bindigar a hankali, ya cusa a aljihu.

"Ƙarfen naka ne. Wannan kam zufan babana ne, ba na sayarwa."

Ban yi musu ba.

A hanyar dawowa an tsayar da mu a shinge, aka buɗe bargon. Jami'in ya karanta takarda, ya leƙa bakin bindigar, ya miƙo mini. Sai a lokacin na ji yunwa.

Mun iso gida lafiya, alhamdulillahi. Mai sha'awar irin wannan kaya, ka tafi da wanda ya san ƙarfe, ka gwada lambobi, ka tabbata an kashe bakin, kada ka taɓa wadda ba ta da takarda. Abin da ya kusa kai ni ɗaurin kurkuku a Suame gaggawata ce kawai. Ban saya mata sabon maratayi ba, haka na rataye ta a bango da ƙusa biyu.