Magret da Ƙuri'ar Hutarwa

Mutum biyar ne wannan rubutu ya shafa, dukkansu suna raye, kuma na nemi izinin kowannensu kafin in ambaci sunansa. Ta farko ita ce Magret Yohanna, mutuniyar Kagoro, mai shara a wata makarantar 'ya'yan Indiyawa kusa da unguwar Al Karama a Dubai. Dominta aka ɗauki alƙalami. Sai Baba Mukaila, dattijo daga Zangon Kumasi ta ƙasar Gana, mai gadin wani gini a Abu Hail. Sai Alhaji Dikko, Bakano, mai haɗa kargo, wato kayan da 'yan kasuwa ke aikawa gida, a kasuwar Murshid Bazaar. Sai Dickson, mai aikin wutar lantarki, mijin yayar Magret, wanda shi ya nemo mata aiki a Dubai. Sai Zakiya, 'yar Nima ta birnin Akra, mai gyaran ɗakuna a otal. Ni kuwa Ɗalhatu, mai ɗaure kaya, shaida ne kawai.

Shekara tara ke nan motar makaranta tana ɗaukar Magret da ƙarfe biyar da rabi na safe. Ajujuwa goma sha huɗu ne rabonta a bene na biyu. Ta share, ta goge tebura, ta kwashe takardu, ta wanke allo. Babu wanda ya sani a makarantar cewa shekara goma sha ɗaya ta yi tana koyarwa a firamare a gida. Ba ta faɗa ba, ba a kuma tambaye ta ba. Sai dai tana da wata ɗabi'a: duk abin da malami ya bari a kan allo, sai ta tsaya da tsumma a hannu ta karanta shi tukuna, sannan ta goge.

Juma'a ce ranar hutu a nan, saboda haka ita ce ranar masallaci, ita ce kuma ranar coci. Magret takan fito daga sujada ta hau jirgin ƙasa na metro zuwa Abu Hail da fulas biyu na shayi, ta riga kowa isa gidan ƙungiya. Ƙungiyarmu ta zumuncin masu jin Hausa ce, ba ruwanta da siyasar ƙasar da ta karɓe mu. Abin da ta mallaka shi ne gida mai ɗaki biyu, ɗaya na maza ɗaya na mata, inda ake sauke wanda aiki ya ƙare masa aka fitar da shi daga masaukin kamfani. Wannan gida shi ne dalilin haɗuwarmu. In ƙungiya ta rabe, babu ɓangaren da zai iya riƙe shi shi kaɗai.

A shekarar 2017 wanda ya kafa ƙungiyar ya koma gida, aka rasa yadda za a maye gurbinsa. Mutanen Gana suka ce a naɗa Baba Mukaila, domin a Zango sarki ake naɗawa, kuma ba a sauke shi sai rai ya yi halinsa. 'Yan Nijeriya suka ce a'a, zaɓe za a yi, shekara huɗu-huɗu. Juma'a uku ana abu ɗaya.

"Zaɓe? Chale, abokaina, ku 'yan kasuwar Nijeriya kun fi mu yawa sau uku," in ji Zakiya. "Ko akuya kuka tsayar ita za ta ci."

"To sai mu ɗauki rawani mu naɗa wa mutum har mutuwa? In ya ƙi aiki fa?" in ji Dickson.

Baba Mukaila ya ɗauki hularsa daga gwiwa ya ce, "Khalas, shi ke nan. Ku riƙe zaɓenku, mu tafi da mutuncinmu."

Magret tana tsugune tana zuba shayi. Har ranar ba a taɓa jin muryarta a taro ba, in ban da tambayar mai son sukari. Ta ɗauki cokali ta ƙwanƙwasa kofi sau uku, ɗakin ya yi tsit don mamaki.

Ta ce, "Baba, ka zauna minti biyar, in maganata ba ta yi ba ni zan riƙe maka ƙofa. A ɗaya daga cikin ajujuwan da nake sharewa akwai wani zane da ya yi wata guda a bango, na yadda Indiyawa suke mulkin ƙasarsu. Harsunansu da addinansu suna da yawa, kamar namu ko fiye. Shugaba biyu gare su. Ɗaya uban ƙasa ne, ana girmama shi, shi ke sa hannu, amma ba shi ke aikin yau da kullum ba. Ɗayan kuwa daga cikin majalisa yake fitowa, shi ke aiki, kuma ranar da majalisa ta daina mara masa baya, ranar zai sauka, ba sai an jira shekara huɗu ba. Har kujeru suka keɓe wa wasu al'ummomi don kada a bar su a baya. Nasu uban shekara biyar yake yi. Namu sai mu bar shi har rai, tunda haka Zango ta saba."

Baba Mukaila ya dube ta ya ce, "Wato ku naɗa ni ku rataye a bango kamar kalanda?"

"Kalanda ba ta raba faɗa, Baba. Ranar da muka ɓata wa juna rai, wa za mu ji kunyarsa in ba kai ba?"

Dattijon ya mayar da hularsa kan gwiwa. "Magret ya faɗi gaskiya," in ji shi, domin a Hausar Zango mace ma "ya" ake ce mata. Alhaji Dikko ya ce, "Ga shi nan, tun ba a naɗa shi ba ya mai da mana ita namiji." Aka yi dariyar da aka yi wata guda ba a yi irinta ba.

Haka aka tsara. Baba Mukaila ya zama Uban Ƙungiya. Aka kafa majalisa mai kujeru tara: uku na mutanen Zango, uku na 'yan kasuwa, uku na mutanen coci. Majalisa ce ke fitar da Mai Gudanarwa daga cikinta. Aka ba Magret ɗaya daga kujerun coci, aka ɗora mata rubuta dokokin da kuma jagorantar zama. Ita ke ba da damar magana, ita ke ƙwanƙwasa kofi in murya ta hau, kuma ba ta jefa ƙuri'a sai in an yi kunnen doki.

A kan kalma ɗaya aikin ya tsaya. Da ta karanta dokar sauke Mai Gudanarwa, ta kira ta da sunan da rediyo ke kiranta, ƙuri'ar rashin amincewa. Alhaji Dikko ya miƙe tsaye.

"Wallahi ba da ni ba. Malama, ni da amana nake cin abinci. Mutum yana Kano zai turo mini a ɗaure masa kwantena bai ga idona ba. Ranar da aka ji a kasuwar Kwari cewa mutane tara sun zauna a Dubai sun ce ba su amince da Dikko ba, wa zai tsaya tambayar a kan me? Ku nemi wani."

Kowa ya ga gaskiyarsa, domin a wurinmu in an ce ba a amince da mutum ba, ɓarawo aka kira shi a fakaice. Babu wanda zai karɓi kujerar da za a sauke shi da wannan kalma, babu kuma wanda zai iya ɗaga hannu ya faɗa wa ɗan'uwansa ita. Mako uku Magret tana juya maganar a ranta tana goge tebura. Ta gwada "saukewa" ta ji ta yi kaushi. Ta gwada "canji" ta ji ba ta faɗi komai ba. Ranar Juma'a ta huɗu ta zo da takardarta ta karanta: "In majalisa ta ga kaya sun yi wa Mai Gudanarwa nauyi, tana iya hutar da shi. Wanda aka hutar ba a zarge shi ba, kuma kujerarsa ta majalisa tana nan." Alhaji Dikko ya ce a sake karantawa. Aka sake. Ya ce, "Wannan ko a gaban surukaina a faɗa." Shi ya fara riƙe muƙamin, ya yi shekara biyu ya sauka don kansa, majalisa ta zaɓi Dickson.

Sai korona ta zo a 2020. Otal-otal suka rufe, shaguna suka rufe, waya ta yi ta kuka. Dickson mutum ne mai ƙoƙari, amma kamfaninsu ya killace su a masauki can bayan gari, daga nan yake gudanar da komai ta waya. Waɗanda suka fi saurin samunsa su ne waɗanda suka saba da lambarsa, wato mutanen cocinsu. Kafin a ankara gadajen ɗakin mata sun cika da su. Mata huɗu 'yan Gana da aka sallama daga otal suka yi kwana biyar suna kiransa bai ɗauka ba, suna raɓe a ɗakin girkin wata ƙawarsu da jakunkunansu. Zakiya ta kai kuka wurin Baba Mukaila. Mutanen Zango suka yanke shawara: ko a hutar da Dickson, ko su fita su kafa tasu.

Da hantsin wata Juma'a aka yi zaman ta bidiyon waya, kowa fuskarsa a ɗan akwati a kan gilashin wayar. Magret ta jingina wayarta da fulas, kofi da cokali a gabanta. Ta ba Zakiya magana, ta ba Dickson. Ya ce bai ware kowa ba, kira ɗari yake samu a yini, wanda ya shigo shi ya ɗauka. Alhaji Dikko ya goyi bayansa, ya ce ba a canza direba mota tana gudu. Aka ɗaga hannu. Uku na Zango da ɗan kasuwa ɗaya suka ce a hutar. Dickson da ɗan cocinsu da Alhaji Dikko da abokinsa suka ce a bar shi. Huɗu da huɗu. Fuskoki takwas suka koma kallon Magret.

Ta san abin da ke gabanta. Wannan mutum shi ya tarbe ta a filin jirgi, a ɗakinsa ta ajiye akwatinta na farko, kuma ta san kafin la'asar yayarta za ta kira daga Kafanchan. Ta kuma san in ta ce a bar shi, babu ɗan Zangon da zai yarda cewa ba coci ce ta kare nata ba, kuma daga ranar gidan Abu Hail ya tafi. Waɗanda suka gani sun ce ta rufe ido kamar mai addu'a, ta buɗe.

"A hutar da shi," in ji ta.

"Magret! Ni?"

"Yaya, ban ce ka ci amana ba, kuma duk wanda ya faɗi haka ni zan fara tsayawa a gabansa. Na ce ka gaji. Kana kulle, idonka bai ga ɗakin nan ba wata biyu. Zakiya tana Abu Hail, da ƙafa za ta je."

Dickson ya kashe wayarsa. A zaman nan aka zaɓi Zakiya. Kafin magariba ta samo katifu huɗu daga wani ɗan kasuwa, aka shimfiɗa a ɗakin mata, ba a kori kowa ba. Yayar Magret kuwa ta kira kamar yadda aka zata, kuma abin da ta faɗa ba na rubutawa ba ne. Wata huɗu Dickson bai yi wa Magret magana ba. Kowane zama sai ta kira sunansa a jerin 'yan majalisa, ta dakata, sannan ta ce, "Ba ya nan, kujerarsa tana nan."

Da aka buɗe gari, Baba Mukaila ya sa babbar riga ya hau bas biyu zuwa masaukin su Dickson. Ya same shi a bakin ƙofa ya ce, "Ɗana, ni ba ni da ƙuri'a, ba ni da iko, ƙafa kawai gare ni, ga ta na kawo. Mun hutar da kai, ba mu kore ka ba. Hutun ya isa. Yalla, taso." Juma'ar da ta biyo Dickson ya shigo da jakar kayan aikinsa, wai ya ji fankar ɗakin maza tana ƙara. Ya gyara fanka, ya zauna a kujerarsa. Magret ta miƙa masa shayi. Ya kurɓa ya ce, "Sukarin ma kin hutar da shi?" Ta ce, "Likita ne ya kawo ƙudurin, Yaya, ni amincewa kawai na yi."

A ƙarshen wannan wata na Nuwamba 2021 Magret za ta koma Kagoro, gwiwa ta hana ta hawan bene. Makarantar za ta sami wata mai shara cikin kwana biyu, ba za su san wadda suka rasa ba. Mu mun sani.

Ke ce, Magret, kika karanta abin da aka bar miki ki goge, kika kawo mana shi. Ke ce kika sama wa dattijo girman da ba zai cuci kowa ba, kika sama wa mai aiki hanyar sauka da mutuncinsa. Ke ce kika rubuta doka, da ta zo ƙofar gidanku ba ki kauce ba. Malamar da ba a ba aji ba, mun gode. Mata huɗun nan sun ce a gaya miki, da harshensu, medaase, wato sun gode. Allah Ya kai ki gida lafiya, Ya ba gwiwar nan sauƙi, Ya shirya tsakaninki da yayarki, domin na ji har yanzu da saura.

Ku kuma da za ku ci gaba da zama a majalisar nan, da duk masu wata ƙungiya a ƙasar baƙunci, ku yi koyi da ita. Ku saurari mai zuba shayi. In rana ta zo da gaskiya ta faɗa kan naku, ku faɗe ta da kalmar da zai iya dawowa bayanta.

Na haura shekara hamsin kafin in iya haɗa baƙaƙen boko, kuma wannan ne rubutu mafi tsawo da na taɓa yi. In na saɓa wata rana, ko na sa magana a bakin wanda bai faɗe ta ba, ko na tauye wa wani haƙƙinsa, ina roƙon wanda ya fi ni sani ya gyara mini a gaban jama'a, ba zan ji haushi ba. Abu ɗaya ne ba na neman gyara a kansa: gidan Abu Hail yana buɗe har yau, kuma daren jiya mutum goma sha ɗaya suka kwana a cikinsa, daga ƙasa biyu da addini biyu.