Takardar da Na Hana Jikata

Assalamu alaikum. Ni dai ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma Allah Ya ba ni baki. A unguwarmu a Kano, in ana biki ni ake kira in jero wa amarya asalinta, kaka da kakanni. Na san gidan da suka zo da raƙuma, na san gidan da aka zo da su a igiya, kuma ban taɓa jin nauyin faɗa ba. Abin da nake tinƙaho da shi wata tsohuwar takarda ce da aka ɗinke cikin jar fata tun zamanin kakana. An ce mana wasiƙar girmamawa ce wani babba ya aiko wa gidanmu. Ba mai buɗe ta. Duk jaririn da aka haifa mana, a ƙarƙashin matashinsa take kwana har ranar suna.

Da ɗan farina ya kawo yarinyar da yake so, sai na bincika na ji kakanninta cucanawa ne, wato 'ya'yan bayin da aka haifa a gidan ubangijinsu. Na yi faɗa, na yi yajin magana, amma aka ɗaura auren. Ya tafi da ita Maleshiya karatu. Da haihuwa ta zo, ba ta da uwa a raye, dole ni aka ɗauko in yi mata jego.

Suka sa ni a hawa na goma sha huɗu na wani dogon bene a unguwar da ake kira Wangsa Maju. Ba tsakar gida, ba zaure, ba maƙwabciyar da zan leƙa ta katanga. Lif tsoro yake ba ni, in na sauka kuma ko ruwa ban iya tambaya ba. Ruwan wankan jego a butar lantarki nake dafawa, ko ganyen darbejiya babu. Kullum ina jikin taga ina kallon jirgin ƙasansu yana wucewa a sama kamar maciji. Haushin wurin duk a kan surukata na sauke shi. Takardar tana cikin jakata, amma na ƙi sa wa jaririyar. Ɗana ya roƙe ni, na ce masa jini ba ya gauraya a kan takardar gidanmu. Surukata tana ji, tana ba 'yar nono, ba ta ɗago kai ba.

Garin nan ruwa ne kullum. Danshi ya kama fatar, ta yi fumfuna, ɗinkin ya saki. Surukata ce ta gani tana gyara mini kaya, ita kuwa ta yi karatun Arabiyya, tana karanta ajami. Ta shanya, ta naɗe, ta dawo mini da ita da hannu biyu, ta ce Hajiya a samu mai ɗinkewa da wuri. Na ga idonta ya yi ja, na ɗauka baƙin ciki ne na ganin asalin da ba ta da shi.

Bayan arba'in matan 'yan ƙasarmu da mazansu ke karatu a can suka zo barka, falo ya cika. Cikinsu akwai wata malama 'yar Sakkwato. Shaiɗan ya raya mini cewa tunda Allah Ya buɗe takardar, a karanta kowa ya ji. Surukata ta biyo ni ɗaki ta durƙusa, ta kama gefen zanina, ta ce don girman Allah Hajiya a bari. Na ce mata wanda bai da riga shi ke ƙin ranar salla. Na fito na miƙa wa malamar.

Ta fara karantawa, sai ta tsaya ta dube ni. Na ce ta ci gaba, ba a gidanmu ake ɓoye asali ba. Ashe ba wani babba. Mace ce ta sa wani malami ya rubuta wa yayanta can garinsu a kudu. Tana gaya masa ita ce wadda aka kama a bakin rafi tana yarinya, tana raye. Ta ce Nasara sun hana saye da sayarwa, an ce duk mai son tafiya ya je gaban alƙali, abokan bautarta sun fara watsewa. Ita kuwa ƙofa a buɗe take amma ba ta iya fita, don ta haifa wa maigidan ɗa, ya ce in za ta tafi ta tafi ita kaɗai. Ta roƙi a gaya wa innarta ta yafe mata, ba ƙin gida ta yi ba. A ƙarshe ta faɗi sunan yaron da laƙabinsa. Kakana ne, wanda nake jero kirarinsa a gidajen biki. Wasiƙar ba ta taɓa barin gidan ba, balle ta isa.

Wata ta ce bari ta duba yara, ɗaya bayan ɗaya suka zame. Da a Kano ne da na ja mayafi na bar gidan. A nan ina zan je? Tikitina saura wata biyu. Na shige ɗaki na juya wa ƙofa baya. Kwana uku surukata tana ajiye mini kunu a bakin gado, tana gaishe ni kamar yadda ta saba, ko da wasa ba ta ɗauko zancen ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Rana ta huɗu na ce ta sake karanta mini, a hankali. Na ji muryar matar nan da ta zauna a ɗaure don kada ta bar ɗanta, mu kuma muka ɗinke bakinta cikin fata muna taƙama da ita. Na ɗaga matashin jikata na sa takardar, bayan suna ya wuce da sama da wata guda, na roƙi uwarta gafara.

'Yan uwana mata, musamman mu tsofaffi masu tonon asali, ku ji tsoron Allah. Ba wanda ya zaɓi igiya, kuma ba ki san abin da ke ɗinke a layar gidanku ba. Gidajen da na ɓata wa aure da bakina ba zan iya bin su duka ba, shi ya sa na ce a rubuta wannan. Waccan baiwar Allah ta sa an rubuta mata, tata ba ta isa ba. Tawa ina so ta isa. Wadda ke riƙe da biron kuwa, yarinyar da na ce ba ta da asali ce.