Mai Ƙafa Uku a Matakalar Asibiti

Ga wani mutum a matakalar asibiti, fensir a bayan kunne, ƙafa uku gare shi. Biyu nasa ne, lafiyarsu ƙalau. Ya lanƙwashe ta hagu ya ɗaure, ya ɗora gwiwarsa kan ta ƙarfe. Yana hawa, yana sauka, yana faɗuwa, kuma duk faɗuwa sai ya rubuta ta yana murmushi. Ina jin matarsa ta daina tambayar inda yake samo ƙujewar jikinsa.

Wata dattijuwa mai shara ta gaji da kallo. "Bawan Allah, lafiya kuwa?"

"Injiniya ne ni, Mama, ni na ƙera ta. Gobe wata tela da aka yanke wa ƙafa za ta saka, kuma a hawa na huɗu take zaune."

Tim! Ya sake zubewa. Daga ƙasa ya ɗago fensir. "To, wannan ma na ɗauke mata."