Ajin da Ya Rushe Babu Kowa a Ciki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Rajab, Allah Ya karɓi ran Yaya, mai kula da ɗakin karatun unguwarmu, bayan gajeriyar jinya.

Yaya, ni ce shugabar makarantar yara da ke bakin rafi, kuma babu wanda ya ci moriyar nacinki kamata.

A shekarun da damina ta rikice mana, ruwa ya yi jinkiri sannan ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kowa ya zama masani. Saƙonni suna yawo a waya, wannan ya ce sauyin yanayi ƙarya ne, wancan ya ce baɗi duniya za ta tashi. Duk wanda ya kawo miki irin wannan, sai ki sauke tabarau ki ce, "Wa ya auna? A ina?" Har wani tela maƙwabcinki ya raɗa miki suna Hajiya Wa-Ya-Auna, kina amsawa da dariya.

Ba ki tsaya ga tambaya ba. Kin yi ta sintiri tsakanin jami'a da ofishin masu hasashen yanayi har masu gadi suka san ki. Kika dawo da taswirar ambaliya, kika liƙa ta kusa da taga, kika mayar da bayanin cikin Hausar da kakanninmu ke ganewa. Kika jawo wata malamar jami'a ta zauna a benci tana amsa tambayoyin magina da masu lambu.

Ranar da kika ɗora yatsa a taswirar kika ce, "Ƙanwata, ajinki na ƙanana yana kan hanyar ruwa, ki kwashe su kafin damina," na sanar da iyayen yaran. Iyaye suka yi gunaguni, wai ginin ya daɗe ko tsagewa bai yi ba. Kika bi su gida-gida har suka yarda. Kika ture kantocin littattafai jikin bango, kika ba mu rabin ɗakin karatun. Maza suka yashe magudanai, mata suka dasa itatuwa a gaɓar rafi.

Ruwan ya zo da rana tsaka, ana makaranta. Tsohon ajin ya zube har ƙasa. Yarana kuwa suna zaune tsakanin littattafanki suna rera karatu, ko takalmansu ba su jiƙe ba. Wata uwa ta shigo a guje ba mayafi, ta iske ɗanta yana zane, ta durƙusa ta riƙe ƙafarki tana kuka. Kika ɗago ta kika ce, "Tashi, 'yar uwa. Ki gode wa Allah, sannan ki gode wa masu aunawa."

Jiya yaran nan suka zo gaisuwa cikin kayan makaranta, suka cika tsakar gidanki har muka rasa wurin zama.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da 'ya'yanki da jikokinki. Allah Ya ba su haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.