Kububuwa a Gidan Filofi

Wallahi abin da zan ba ku labari a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba. Zamanin soja ne, lokacin da ake kwana a layin mai, ina gyaran kwamfuta a Ikara, gyaran ma yawanci na diraib ne, wato gidan da ake zura faifan filofi. Aikin ba wuya: auduga, sifirit, a goge kan da ke karatu, a gyara zaman waya. Ni kuwa mutum ne mai gaggawar tsiya, ba na cire murfin kwamfuta duka, ɗage shi nake kaɗan in cusa hannu in lalubo wayar da yatsa, har taƙama nake da hakan.

Wata safiya aka aiko mini daga wata makarantar mishan a gefen Kudan, wai diraib ɗinsu ya riƙe faifai ya ƙi saki. A tashar Makarfi ina jiran mota ta cika, sai wata tsohuwa mai tallar mazarƙwaila ta yafito ni. Na durƙusa na gaishe ta, ta ɓantaro guntu ta danƙa mini, amma ba ta saki hannuna ba. Ta jujjuya shi, ta ce, "Ɗan nan, yau dai ka buɗe akwatin mutane gaba ɗaya. Ka ji ko?"

Na ce to, Iya. A raina na ce rikicin tsufa ne, don ban gaya wa kowa inda za ni ba, sukuddireba ma tana cikin jaka.

Da na isa, Malama Rifkatu, sakatariyar makarantar, ta nuna mini kwamfutar. Na kwance noti, na ɗage murfi yadda na saba, har na miƙa hannu, sai na ji wuyan hannuna ya yi sanyi daidai inda tsohuwar ta riƙe. Na janye, na cire murfin duka.

Inna lillahi! Kububuwa ce ta nannaɗe a bayan diraib, kanta a kan wayar nan da nake laluba. Malama Rifkatu ta ƙwalla ihu, "Yesu! Malam, ja baya!" Maigadi ne ya kashe kububuwar. Shi ya ce mini asibitin kusa ko fanadol babu, balle allurar maciji.

Na gyara musu diraib. A hanyar dawowa na sayi atamfa na nufi tasha in yi godiya. 'Yan kamasho suka ce su ba su san wata tsohuwa mai mazarƙwaila a nan ba. Na sa hannu a aljihu, ga guntun mazarƙwailar da ta ba ni.

Har yau ban san ko wace ce ba, amma ba na sallame salla ban yi mata addu'a ba, don da hannun nan na ciyar da 'ya'yana. Jama'a, in babba ya tsayar da ku a hanya, ku durƙusa ku saurara. Atamfar tana nan a akwatina, ban iya ba kowa ba.