Zanen da Ba Na Gidanmu Ba

Karatuna bai wuce aji biyu ba, shi ma rabinsa ta taga na yi shi. Amma a Ajingi duk mai baki malami ne, don haka ni ne mai fassara wasan talabijin a majalisarmu.

A rumfar mai shayin bakin kasuwa muke kallo bayan La'asar, tun da ya sa sola. Wasan na wani saurayin likita ne a birni, wanda rana ɗaya aka gaya masa tsohon direban da ya raine shi ba shi ya haife shi ba, wani attajiri ne ubansa. Tun daga nan bawan Allah ya rasa sukuni. In ya je gidan attajiri ya kasa cin abinci, in ya dawo gidan direba ya kasa ce masa Baba. Sai ya tsaya gaban madubi yana tambayar kansa shi wane ne.

Majalisa ta rabu. Ladanin unguwarmu ya ce jini ba ya ƙarya, ya koma ga mahaifinsa. Mai shayi ya ce wanda ya goya ka kana zazzaɓi shi ne uba. Ni kuwa na ce duk ƙoshi ne.

"Yunwa ce ba ta taɓa shi ba," na ce. "A ba shi fartanya ya yi kunya goma da rana tsaka, zai tuna sunansa har da na kakansa."

Aka kwashe da dariya, na gyara zama ina jin kaina. Sai abokina mai facin keke, wanda aka yi mana kaciya rana ɗaya, ya ajiye kofinsa.

"To malam mai fassara, kai fa? Wannan zanen Barebari da ke kumatunka, wa ke da irinsa a gidanku? Ubanka fuskarsa sumul, ƙannenka sumul."

"Kyau aka ƙara mini, ɗan baƙin ciki."

"Ko dai a tashar Gaya aka tsince ka?"

Na fi kowa dariya, amma ban ƙarasa shayin ba.

Tun ina yaro ake ce mini Babarbare, na ɗauka tsokana ce kawai. Uwata ta rasu ban yi wayo ba. Sau ɗaya na tambayi babana zancen zanen, ya ce in je in ɗaure akuya. Shi ke nan, har ya rasu, har gemuna ya yi fari, ban sake tambaya ba.

Washegari a gona na sare gero na bar ciyawa. Duk babur ɗin da na gani a ajiye sai na leƙa madubinsa. Matata ta kama ni ina duba kaina a ruwan randa, ta ce, "Malam, fuskar nan fa ta wuce gyara." Wani lokaci in ji daɗi, in ce wataƙila ina da gadon shanu a Barno. Can kuma in ce wa kaina: in ba ɗan gidan ba ne ni, kabarin wa nake zuwa yi wa addu'a? Da aka nuna kashi na gaba, likita ya buɗe baki gaban direba ya kasa, sai na miƙe na ce fitsari nake ji.

Mutum ɗaya ya rage da ya san haihuwata, gwaggona ƙanwar babana da ke Gafasa. Ta tsufa, idonta ya tafi, kuma ciwo take yi. In ta riga ni, amsar ta bi ta. Na hau keke.

Na same ta a tabarma tana ɓarar gyaɗa da lalube. Na yi ta kewaye-kewaye, damina, ƙafa, jikoki, sannan na ce, "Gwaggo, ni ɗan gidanmu ne kuwa?"

"Ja'iri, da furfurarka? Waɗannan fatan-fatan kunnuwan na yayana a kasuwa ka saye su?"

Ta miƙo hannu ta shafa kumatuna, tana bin zanen da yatsa.

"Huɗu uwarka ta binne kafin kai, ba wanda ya kai yaye. Wabi take yi. Da ka zo, tsofaffi suka ce a yi maka zanen wasu mutane, in mutuwa ta leƙo ta ga baƙo sai ta wuce. Ubanka bai so ba, ya ce rai na Allah ne, shi ya sa ba ya zancen. Ita ta riƙe ka wanzami yana tsagawa, kana kuka tana kuka."

Na tambayi sunayensu. Ta faɗi uku. Na huɗun bai kai ranar suna ba.

A hanyar dawowa tura keken na yi, ina maimaita sunayen kada su zube. Ni da nake bugun ƙirji ni ne ɗan fari, ashe na biyar ne.

Da na koma rumfa, mai faci ya ce, "Babarbare, an samo attajirin?"

"An samo uwar da ta fi shi. Matsa in zauna."

Ladan ya fara cewa likitan nan ya cika shagwaɓa, yana dubana in taya shi. Na ce a ƙyale yaro ya duba madubinsa. Sannan na roƙi mai shayi ya ƙara murya, don ranar ce likita zai je gaida direba a asibiti, kuma ina so in ji da me zai kira shi.