Hoton Ɗan Fari

Shekarar da na fara koyarwa na sayi kyamara a kasuwar Gummi. Biyu mai shago ya nuna mini, ɗaya mai cin batir, ɗaya wadda ake murɗa fim ɗinta da babban yatsa. Na ɗauki ta murɗawar, don a ƙauyenmu ko batirin rediyo sai an shanya shi a rana ana lallaɓawa.

Fim ɗaya hoto talatin da shida yake ci, kuma sai an kai Gusau a wanko. Na ɗauki kowa a gidanmu, har bijimin Baba. Ni sau ɗaya na fito, ƙanwata ta ɗauke ni a karkace, ta yanke mini rabin hula.

Ranar da direban da na ba wa fim ɗin ya kawo hotunan, aka baje a tabarma ana kallo. Ni ne ɗan farin Inna, saboda kunya ko sunana ba ta kira. Ta daɗe tana yaba bijimin. Da hotona ya iso hannunta, sai ta kife shi ta ce, "Wanga bai yi kyau ba." Abin ya ƙona mini rai. Ashe bijimi ya fi ni!

Da na tattara, talatin da biyar na samu, babu nawa. Na yi ta faɗa da ƙannena a banza.

Bayan rasuwar Inna muna sauke jeren kwanoninta, na buɗe na can ƙasa. Ga ni nan da rabin hula, gefen hoton ya yi laushi don yawan taɓawa.